Kafin a raɗa wa 'ya mace suna

A wata tattaunawa da aka yi kan zaɓa wa 'ya mace suna, shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada daɗin suna a kunne ya sa a manta da bincika ma'anarsa. An kawo misalin Sisiliya: ga shi da daɗin faɗa, amma tushensa kalmar Latin ce mai nufin makaho. Kalodiya kuma daga gurgu ya samo asali. Ni kam wannan ya tsaya mini a rai, don yarinya za ta girma ta tambaya.

Wasu sun ce a nemi asalin harshen. Sofiya Girkanci ne, ma'anarsa hikima. Yasmin daga Farisanci yake, sunan fure mai ƙamshi. Laila kuwa Larabci ne, daga kalmar dare. Nadiya ya fi ban sha'awa, domin a Rasha gajarta Nadezhda ne, wato fata ko sa rai, kuma Larabawa ma suna da nasu Nadiya daban.

An kuma ja kunne game da Andiriya: a Jamus sunan mata ne, a Italiya na maza. Sunayen Japan kuwa, sai an ga yadda aka rubuta su kafin a san ma'anar.