Neman kalma: yaya za a ce "devotion" a shirin rediyo?

Mai fassara: Salama, iyaye da 'yan'uwa. Ran Alhamis za a ɗauki shirin minti 5 kan 1 Sama'ila 16:7, inda aka ce mutum fuska yake duba, Ubangiji kuwa zuciya. Kalmar "devotion" ce ta tsaya mini. Ba taron safe nake nufi ba, halin cikin mutum nake nufi.

Malamin Baibul: 'Yar'uwa, fara raba ta uku: lokacin da ake warewa, littafin da ake karantawa, da halin zuciya. Na farko "addu'ar safe" ya isa, na biyu "littafin bimbini". Na ukun ne aiki. Kada ki taɓa "sujada", mai sauraro zai ɗauka ta ran Lahadi ce. "Keɓewa" kuma tuni ta tafi wajen keɓe fastoci. Ni "ibadar zuciya" zan ce.

Mama Zumunta: "Duƙufa" fa? Maryamu ta duƙufa ga sauraron Yesu, Marta tana fama da hidima, Luka 10.

Malamin Baibul: Mama, a jimlar nan ta zauna daram. Amma ba ta tsayawa ita kaɗai, sai an ce ga me. Ana duƙufa wajen neman kuɗi ma.

Ɗalibin Hausa: Ibada da sujada duk aron Larabci ne. Mu ƙirƙiri tamu: ZUCIYANCI. Kamar zumunci, kamar mutunci.

Baba Fasto: Ɗana, in Bahaushe ya ce wane ya yi zuciya, me ya yi? Fushi. Ka faɗi zuciyanci a rediyo, za a zaci wa'azi ne kan saurin fushi. Kuma in Larabci kake gudu, sai ka ajiye addu'a, littafi, da ruhu. Baibul na Hausa na 1932 da Likita Miller, ɗan mishan na Wusasa, ya yi aiki a kansa bai guje su ba.

Ɗalibin Hausa: Ranka ya daɗe, matsalar ke nan. Hausar coci ta tsaya cik, mutanen Jos ne ke yanke mana hukunci, alhali Hausa tana Kano.

Mama Zumunta: A'a ɗana, janye wannan. Masu sauraron shirin nan da yawa Hausa ba harshen uwarsu ba ne, amma da ita suke addu'a tun kakanni. Ba aron baki muka yi ba.

Ɗalibin Hausa: Ban ce aro ba, Mama. Na ce a sabunta.

Baba Fasto: Mu koma kan aikin yarinyar nan. "Ibada" kaɗai takan ja hankali ga abin da ido ke gani: azumi, baikon da ake bayarwa a sujada, zuwa coci. Abin da Markus 7:6 ke tsawatarwa ke nan, leɓe na girmamawa, zuciya na nesa. Saboda haka dole "zuciya" ta fito. A faɗi "ibadar zuciya" sau ɗaya a buɗewa, a bi ta da bayani gajere, "wato miƙa wa Allah zuciya a ɓoye", a jingina da Matiyu 6:6. Daga nan a riƙa amfani da aikatau: ya miƙa, ta duƙufa. Suna in ya yi ta maimaituwa a minti 5, kunne yakan gaji.

Mai fassara: Na gode Baba, haka zan yi.

Ɗalibin Hausa: To, don Alhamis ta matso ne. Amma kalma biyu ba kalma ba ce, bayani ne. Zan dawo da zuciyanci.