Abin da muka tattara a Garwa kan lasifika mai baki ɗaya

Bayan sallar isha'i muka zauna da masu gyaran rediyo a nan Garwa, ana musu kan lasifika mai baki ɗaya, wadda ke fitar da sauti duka ba tare da na'urar raba murya (mai rarraba siririn sauti da mai kauri zuwa bakuna daban-daban) ba.

Kusan kowa ya yarda muryar mutum ce ƙarfinta. Ka sa karatun Alƙur'ani ko mai garaya shi kaɗai, sai ka ji kamar yana gabanka, don sautin daga wuri ɗaya yake fitowa. Ni ma nan ne ta saye ni. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, zauna daidai saitinta, in ka kauce gefe siririn sautin zai dushe." Gaskiya ne, na gwada.

Inda ta gaza shi ne ganga. Ƙaramar lasifikar kamfanin Fostex mai faɗin baki santimita 10 ba ta iya dukan ƙirji. Aka ce a matsa akwatin kusa da bango ko lungun ɗaki, ƙasan sautin zai ƙaru. Amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai wat kaɗan ta ishe ta, kada a ƙure mata murya.

Masu kiɗan biki kuwa su nemi wata. Lokacin hunturu a rufe ta da ƙyalle, saboda ƙura na taruwa a takardar bakinta.