Muhawara: Ilimi ake nema a waje, ko suna ake saye?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Sakamakon bak ya fito, an kuma fara abin da aka saba. Duk gidan masu hali da ka shiga, zancen ɗaya ne: Maroko, Tunisiya, Turkiyya, Kotonu. Ni dai a ganina, yawancin masu kuɗin Damagaram ba ilimi suke nema wa ƴaƴansu a waje ba, suna suke saye. Burinsu a ce a wurin ɗaurin aure ɗan Alhaji yana Kazablanka. Mai ja, bismilla.

Maman Aisha: Wa alaikumus salam. Ina ja da kai, ƙanena. Ɗan yayata ya shiga wata jami'ar gwamnati, lisansin shekara 3 sai da ta ci masa 5. Yau malamai na yajin aiki, gobe ɗalibai, shekara ta hau kan shekara. Ni ɗiya mace gare ni. In na bar ta cikin wannan jira, kafin ta gama dangin ubanta sun fara zancen aure, karatun ya tsaya ke nan. Lokaci nake saya mata, ba ruwana da abin da za a faɗa a wurin biki.

Ɗan Birni: Yaya, ke daban. Amma nawa ne irinki?

Mushe Lawali: Ku ba ni wuri, don ni nake zama da iyayen nan a lise. Uba zai shigo da takardar makin yaro a hannu, bai ko buɗe ta ba, tambayarsa ta farko: Mushe, wace ƙasa ta fi? Da wuya ka ji ya ce wane fanni ya dace da yaron. Na ga wanda lissafi da kimiyya suka yi ta kayar da shi tun daga aji na farko, uban ya rantse sai likitanci, saboda abokin kasuwancinsa yana da lokotoro a gida. Yaron yana zaune kusa da shi, kansa a ƙasa, ba wanda ya tambaye shi.

Ga abin da ya fi ba ni hujja. A 2019 Faransa ta ɗaga kuɗin rajista ga baƙin ɗalibai zuwa yuro 2770 a shekarar lisansi, wajen miliyan ɗaya da jikka ɗari takwas na sefa, ban da ɗaki da abinci. Masu hali ba su ja da baya ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 bizar Faransa ta tsaya, daga baya ofishin jakadancinta na Yamai ya rufe. Na ɗauka iyayen da na sani za su waiwayi gida. Ina! Sai suka karkata wasu ƙasashe, wasu har zuwa makarantun kuɗi da ba su taɓa bincika ko CAMES, hukumar ƙasashen Afirka mai tantance takardun jami'a, ta amince da takardarsu ba. Wanda ilimi ya dama, wannan zai fara tambaya. Yaro ya dawo da diplom mai ado, ya je ajiye takardun konkur, a ce ba a san makarantar ba. Wannan asara tana ci mini rai, wallahi.

Injiniya: Mushe, na yarda da rabin maganarka. Amma akwai fannonin da kayan aikinsu ba su wadata a nan ba. Tun da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a 2011 muke kukan ƴaƴan gari ba su riƙe manyan kujerun fasaha. To a ina za su koyo? Kuma ku daina raina suna. Yaron da ya zauna ɗaki ɗaya da ɗan minista, gobe waya ɗaya ta ishe shi. Alhazan Kasuwar Dole sun san haka sarai, lissafi suke yi.

Mushe Lawali: Injiniya, makarantar injiniyoyi ta EMIG tana Yamai, fannin ma'adinai da masana'antu take koyarwa, kuma da konkur ake shiga. Me ya sa ba a gwada ta tukuna? Saboda can kuɗin uba ba ya buɗe ƙofa.

Ɗalibar André Salifou: Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Ni a jami'ar garin nan nake, wato André Salifou, wadda aka kafa a 2010. Abin da ke mana ciwo shi ne, duk mai muryar da gwamnati ke ji ya kwashe nasa ya fitar. In burs ta makara, in zauren karatu ya cika har wasu na tsaye a taga, wa zai buga tebur? Ƴaƴan manoma ne da na masu ƙaramin albashi suka rage. Sannan lokacin hutu ƙawarki ta lise ta dawo, ta tambaye ki: har yanzu kina nan? Kamar zama gida laifi ne. Da a ce attajirai goma sun bar ƴaƴansu tare da mu, da an ga gyara.

Maman Aisha: Ɗiyata, maganarki ta taɓa ni. Amma ki gaya mini, wace uwa za ta fara sa nata a gaba don a gyara wa kowa?

Injiniya: Kar mu manta, Abdou Moumouni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Dakar da Faris ya yi karatu, ya dawo ya yi wa ƙasa aikin makamashin rana.

Ɗan Birni: Ya dawo, Injiniya. Kuma ƙwaƙwalwarsa ce ta kai shi. Ƙirga mini na unguwarku da suka tafi, nawa suka dawo da abin da suka je nema?

Maman Aisha: Mushe, makarantar da aka ba ni sunanta a Tunis, ban tambayi zancen CAMES ɗin nan ba. Yaya ake dubawa?

Mushe Lawali: Hajiya, kada ki biya ko dala tukuna. Turo mini sunan makarantar da fannin, CAMES na da jerin takardun da ta amince da su. Kuma ki zo da Aisha, ina so in ji daga bakinta me take son karanta.