Ƙarar asuba a pikap ɗin Alhaji, da rigimar wai babu sanyi a Garwa

Mai Farar Pikap: Salamu alaikum jama'a. Wlh raina a ɓace yake. Motar nan haibirid (mai haɗa fetur da lantarki) mai buɗaɗɗen baya da na ɗauko daga Duwala, kuɗin da na zuba mata har da na duwan (kwastan) bazan faɗa ba kar a ce fariya nake, amma kullum da asuba in na tada ta cikin sanyi sai ta yi wata ƙara karrr-karrr kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, can kuma ta yi tsit. Da rana ko sau nawa zan kashe in tada ba ta yi. Na kira wanda ya sayar min yace wai haka suke. Ni dai na faɗa na ƙara, motocin haibirid ɗin nan ba don ƙasarmu aka yi su ba, cin kuɗin mutane ne kawai, mai ja ya fito

Ɗan Gaundare: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kyauta. Amma tsaya tukuna, cikin me kace? sanyi? a Garwa??

Na Bakin Binuwai: Toh an fara

Ɗan Gaundare: A'a tambaya na yi. Garin da a watan Maris da Afrilu zafi ke wuce digiri 40, mutum ya kwana a tsakar gida yana zuba wa katifa ruwa, shine yau ake mana zancen sanyi har ya kama mota. Alhaji in sanyi kake nema ka hauro hawan dutsen falez ka zo Gaundare mana, mu muna sama da mita 1000 a kan tudun Adamawa, nan ne ake sanin sanyi

Bakanike Yelwa: Alhaji sannu da haƙuri. Kafin a tafi da nisa, in mu masu gyara muka ce an tada mota da sanyi ba iskar gari muke nufi ba, injin ne ya kwana bai yi aiki ba, baƙin mai duk ya gangara ƙasa ya kwanta. Ko a Kusuri cikin Afrilu injin da ya kwana mai sanyi ne a wurinmu. Abu uku nake so ka gaya min: ƙarar tana ɗaukar daƙiƙa nawa, tana fara ne da ka danna maɓalli ko sai injin fetur ya kama, sannan wane baƙin mai aka zuba mata a bidanj (juyen mai) na ƙarshe

Na Bakin Binuwai: Ɗan Gaundare kai dai ka saba raina mu. Ka taɓa tsallaka gadar Binuwai a kan babur ƙarfe biyar na asuba a watan Janairu lokacin hunturu? Hannunka ma bazai iya riƙe kan babur ba. Lokacin CAN, gasar kofin Afirka, a Janairun 2022 mutanen Yola da Mubi da suka zo kallon Najeriya da Masar a filin Rumde Ajiya ai da rigunan sanyi na gansu da dare da idona

Ɗan Gaundare: Rigar gayu ce suka sa ba ta sanyi ba

Ɗan Mubi: A bar zancen wasan nan dan Allah, mun ci Masar 1-0 a filin nan kuma a filin nan Tunisiya ta fitar da mu, har yau abin na min ciwo

Ɗan Injamena: Ku duka kuna ban dariya wlh. Garwa da Gaundare ana gardamar sanyi. Ku je Bardai a Tibesti ku ga inda ruwa ke daskarewa da dare, dutsen Emi Kusi ya wuce mita 3400. Kuma in zancen mota ake, mu a Cadi mun san pikap tun kafin a haifi wasunku. A 1987 da Hilux da Land Cruiser aka kori tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har duniya ta sa wa yaƙin suna yaƙin Toyota. Babu batir ɗin haibirid ko ɗaya a ciki

Hajiya Mai Albasa: Yaya Ɗan Injamena to a 1987 ina aka samu haibirid ɗin da za a kai yaƙi? Prius ta farko sai 1997 ta fito a Japan. Ni ƙaramar haibirid nake hawa a Marwa, daga Domayo zuwa kasuwa zuwa gonakin albasa, man da nake sha bai kai na maƙwabcina ba, kuma ba ta taɓa min karrr ba. Alhaji kar ka yi wa duka kuɗin goro saboda taka

Mai Farar Pikap: Hajiya taki ta zuwa biki ce, tawa ta aiki ce, buhun masara nake ɗora mata daga Fitowa

Hajiya Mai Albasa: Ikon Allah. Ta zuwa bikin dai ita ce ba ta kuka da asuba

Bakanike Yelwa: Alhaji har yanzu ina jiran amsa fa. Bari in faɗi dalilin tambayar. In ka buɗe ƙofa ko ka taka birki ka ji wani zzzz kafin injin ya tashi, wannan famfon birki ne na lantarki yana tara ƙarfi, lafiyarta kenan. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji in an danna maɓalli kafin READY ta fito a tablo shima ba komai, babban batir ne ake jonawa. In injin ya kama ya ɗaga murya na ɗan lokaci sannan ya sauko, kwamfutar ce ke ɗumama katalizar, matatar hayaƙin da ke cikin salansa, da gangan. Amma karrr mai ƙarfe-ƙarfe na daƙiƙa ɗaya zuwa uku daidai lokacin da injin ya kama, yawanci daga gaban injin yake, wajen sarƙa. Akwai wani gurbi a kan sandar da ke buɗe bawul, VVT, da ƙarfin baƙin mai yake aiki, yana da ɗan ƙusa da ke kulle shi in an kashe mota. In ƙusan ya ci ko man ya tsiyaye cikin dare, sai ya yi ta kaɗawa har mai ya hauro. Haka abin da ke ɗaure sarƙar, shima mai ne ke tura shi. Kuma wannan ba ciwon haibirid bane, injin fetur na zamani da yawa na yi

Ɗan Gaundare: Kun ji ko, bakanike da kansa yace ba sanyin gari bane. Wato babu sanyi a Garwa. Shikenan an gama

Bakanike Yelwa: Ni ban ce haka ba malam

Na Bakin Binuwai: Cewa yayi mai na gangarawa ya kwanta, to me ke sa mai ya yi nauyi in ba sanyi ba? Ka ga man gyaɗa da man shanu a Disamba yadda suke kamewa a gidajenmu? Ko a Gaundare kaɗai man shanu ke daskarewa

Ɗan Gaundare: Man shanun ma daga wurinmu ake kawo muku

Kawu Direba: Yara ku yi wa Allah ku bar wannan. Ni tambayata ɗaya, Alhaji ina kake shan mai? Don in zuwa-zuwa ne, na kwalba a bakin titi, to kar ka zagi mota

Mai Zuwa-zuwa: Na san za a zo nan. Duk abin da ya lalace a Arewa sai a ce zuwa-zuwa. Taya ta fashe zuwa-zuwa, madubi ya karye zuwa-zuwa. Kawu da girmanka, shekara nawa kana sha a wurinmu motarka ta mutu? Mai ɗaya ne da wanda ake sha a Yola. Tun da matatar Limbe ta ƙone a 2019 na gidan man ma ai daga waje ake shigo da shi, waye ya san me ke ciki. Lita 840 sefa tun Fabrairun 2024, talaka ya yi yaya

Kawu Direba: Ɗana ni gazwal (dizal) nake sha ba fetur ba, ka daina min ƙarya a gaban jama'a

Ɗan Mubi: Kuma tun da Tinubu ya cire tallafi a Mayun 2023 ku ma kuka ninka kuɗi, wasunku har haɗi suke yi don riba ta fito, kowa ya sani

Mai Zuwa-zuwa: Kawo sunan mutum ɗaya

Ɗan Mubi: Bazan kawo ba, amma kowa ya sani

Bakanike Yelwa: Zancen fetur yana da gurbi amma ƙararsa daban. In mai ruwa-ruwa ne ko buji (fulogi) ya gaji ko bobin (kwayil), injin zai yi ta tsallake wuta da safe, motar duka ta girgiza, kuma a wasu haibirid ɗin girgizar na bugun abin da ke tsakanin injin da giya ka ji gaf-gaf-gaf kamar za ta watse. Irin su Prius ma ba su da sitata irin wadda muka sani, motar lantarki ce ke juya injin kai tsaye shi yasa bugun ke fitowa fili. Wannan in an jona na'ura za a ga lambar matsala P0300 ko 'yan uwanta. In ta sarƙa ce ta yi nisa a kan ga P0016 ko P0011, amma da farko-farko sau da yawa ba ta nuna komai. Akwai kuma mafi arha duka, farantin da ke kare zafin salansa ya kwance, hanyar Garwa zuwa Marwa kaɗai ta isa ta kwance shi, ko ɗan hannun turbo yana rawa. Alhaji ka bar ta ta kwana, ka buɗe kapo (bonet), yaro ya riƙe waya kusa da gaban injin ya ɗauki sautin kai ka tada, ka turo min. Wayoyin lantarkin nan masu ruwan lemu kar kowa ya taɓa su, wutar cikinsu tana kisa

Mai Farar Pikap: Daƙiƙa biyu ko uku ne, bayan injin ya kama. Mai kuma 20W-50 yaron bidanj ya zuba, shi muke zubawa duk motocin gidanmu tun zamanin mahaifina

Bakanike Yelwa: Innalillahi. Alhaji duba murfin da ake zuba man, ko littafin motar, za ka ga 0W-20 ko 5W-30 an rubuta. Hanyoyin mai a injin nan sirara ne, mai kauri kafin ya hauro sama da safe an jima. Filtir ɗin fa, na asali ne? Don na jabu ba ya riƙe mai cikin dare, robar da ke hana shi komawa ƙasa ba ta da kirki

Mai Farar Pikap: Kai yaro, man da ya yi kama da ruwa zan zuba a zafin Garwa? Ai ƙonewa zai yi. Turawa sun rubuta wannan ne don ƙasarsu mai ƙanƙara

Ɗan Gaundare: Allahu akbar!! Jama'a ku shaida, yanzun nan Alhaji da bakinsa yace ZAFIN Garwa. Ɗazu sanyi yanzu zafi, wanne za mu ɗauka

Na Bakin Binuwai: Gari ba ya da rana da dare ne? Kai wai me Garwa ta tsare maka, ko don Coton Sport ta fi ƙarfin ƙungiyoyinku ne

Ɗan Gaundare: Ku riƙe ƙwallo mu mun riƙe jirgin ƙasa, duk kayan da kuke ci daga tasharmu ake sauke su

Ɗan Injamena: Kayan namu ne ma yawanci, na Cadi, ku hanya ce kawai

Hajiya Mai Albasa: Ni dai Alhaji ka ji maganar bakanike. Ni abin da nawa ya ce min shine in riƙa share ragar iskar batir saboda ƙurar hunturu, kuma man da aka rubuta shi nake saya ko da tsada

Kawu Direba: Wai ma haibirid ɗin gaske ce? Don yanzu har Hilux akwai mai 48V da ta fito a 2024, injin gazwal 2.8, ance ita ma haibirid amma ba ta tafiya da lantarki zalla, taimako kawai yake yi wajen tashi. Kila irin ta aka sayar maka

Mai Farar Pikap: Kawu tawa fetur ce silinda shida, daga Amurka aka kawo ta, tana fita daga gida shiru ba injin

Ɗan Mubi: Daga Amurka? To ka bincika ko ta hatsari ce ko wadda ambaliya ta ci aka gyara, irin su ake turo mana

Mai Farar Pikap: Sabuwa ce fil

Ɗan Gaundare: Sabuwa mai kilomita nawa

Mai Farar Pikap: Ba ruwanka

Bakanike Yelwa: Kilomitan na da amfani Alhaji, in ta yi tafiya sosai gurbin VVT ɗin ne da kansa ya ci, canza mai bazai kashe ƙarar duka ba. Amma a fara da mai da filtir na asali, shine mai sauƙi, in ta ci gaba sai a buɗe

Mai Zuwa-zuwa: Kun dai ji, ba fetur bane. Ina jiran Kawu da Ɗan Mubi su ba ni haƙuri

Ɗan Mubi: Ka daɗe kana jira

Shugaban Zaure: Toh jama'a ya isa haka, an kusa kiran magariba. Na karanta komai daga sama har ƙasa, ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, an tabbatar akwai sanyi a Garwa, Na Bakin Binuwai ya kawo hujjar gada da ta CAN da ta man shanu, Ɗan Gaundare bai kawo komai ba sai tsawon dutse. Na biyu, maganar Alhaji ta tsaya, mota in har sai an zaɓa mata mai kamar jinjiri kuma ba a taɓa wayarta to ba ta hanyarmu bace, Ɗan Injamena ma ya tuna mana da wace irin mota aka ci yaƙi. Bakanike ya yi dogon bayani Allah ya saka, amma shi kansa ya lissafa abu kusan biyar bai tsaya kan ɗaya ba. Zancen Hajiya kuma na ƙaramar mota ne bai shafi pikap ba. Na zuwa-zuwa an bar shi sai wani lokaci. Alhaji in ka yanke shawarar rabuwa da ita ka same ni a gefe, ɗan ƙanwata na da pikap gazwal mai giyar hannu, takardu cikakku. Duk wanda ya sake ambatar Gaundare ko Garwa daga yanzu zuwa isha zan cire shi

Ɗan Gaundare: Shugaba kai ɗan wane gari ne ma