Yayana mai walda tafiyarsa ta canza, likita yace hayakin ne

Dan Ringim:
Slm jama'a dan Allah ina neman shawara. Yayana walda yake tun yana saurayi, shagon nasa dan karami ne ko taga babu, to yanzu tafiyarsa ta canza sai dogara yatsun kafa yake kamar zakara, in zai ja da baya sai ya fadi, fuska ta daskare murya ma ta yi kasa. Hajiyarmu ta dage sammu ne, amma likita a Dutse yace yana zargin wani karfe ne wai shi manganis dake cikin hayakin walda. An bashi levodopa yana ta sha shiru kake ji. Wai akwai maganin dake fitar da abin nan daga jiki?

Malam Nas:
Wslm, Allah ya bashi lafiya. Kada ka ga laifin likitan, levodopa maganin Fakinsin ne, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa rawar jiki, kuma ciwon biyu suna kama sosai shi yasa ake gwadawa, sai dai manganis wani sashen ƙwaƙwalwar daban yake lalatawa, don haka da wuya maganin ya kama. Akwai allurar EDTA da ake sawa a ruwa ta jijiya, tana ƙara fitar da shi ta fitsari amma sau da yawa rawar jiki da tafiyar basa komawa daidai, ga shi tana iya taɓa ƙoda, ba abin kemis bane sam. A Sin sun gwada PAS, tsohon maganin tarin fuka, wasu sun samu sauƙi, amma mutanen da aka gwada a kansu kaɗan ne. Ni dai a ganina abu na farko ya bar shagon nan yau ba gobe ba. Ku nemi takardar turawa Asibitin Malam Aminu Kano wajen likitocin jijiya, a yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, a duba hanta da ƙarancin jini, don hanta ce ke fitar da manganis kuma mai ƙarancin ƙarfe a jini jikinsa yafi zuƙarsa.

Oga Welda Wudil:
Innalillahi, wlh jikina yayi sanyi. Mu madara ake cewa mu sha bayan aiki tana wanke hayaki.

Malam Nas:
Madara bata wanke komai Oga. Fito da aikin waje inda iska ke kaɗawa, ka samu takunkumin walda mai tace hayaki, ba tsumma ba.

Dan Ringim:
Nagode Malam. Barin shagon ne aiki, iyali tara a kansa, amma zan samu Kawu ya masa magana don shi kadai yake jin maganarsa.