Neman shawara: burodin firetsel ɗina ya ƙi yin ja, na biyu kuma ɗaci kamar sabulu

Maman 'yan biyu:
Assalamu alaikum matan gidan nan, barkanmu da warhaka. Dan Allah ku taimaka min kafin maigidan ya hana ni taɓa fulawar gidan gaba ɗaya. Wani burodi muka ci da muka je Abuja hutu, irin na Jamusawa ɗin nan da ake ce ma firetsel, amma ba mai naɗin nan kamar an harɗe hannu a ƙirji ba, wannan mulmulalle ne kamar dunƙulen hannu, bayansa ja har yana sheƙi an tsaga samansa an barbaɗa gishiri manya-manya, cikinsa kuwa fari tas ga laushi, tun ranar yara suke damuna sai na yi musu. Na farko na kwaɓa yadda na saba kwaɓin burodi na shafa ƙwai a sama, ya fito da daɗi amma burodi ne kawai, ba wannan ƙamshin ba wannan kalar. Sai wata maƙociyata ta ce ai dafa shi ake fara yi a ruwan bekin soda, jiya na sake, fulawa kofi 4, yis cokali 1 babba, na bari ya kumbura sosai har ya kusa cika roba, na mulmula na sake barinsa ya tashi, na zuba soda kusan rabin kofi a ɗan ruwa na dafa su kamar minti 4 yadda nake ɗanwake, wallahi tun a tukunyar suka saki jiki, da na gasa suka fito duk a yamutse kamar fuskar tsohuwa, suka manne a tire, ga ɗaci ga warin sabulu, tukunyata ma cikinta ya yi baƙi ƙirin. A ina na kuskure ne dan Allah?

Hajiya mai gidan burodi:
Wa alaikumus salam. Maman 'yan biyu kin ba ni dariya wallahi, ɗanwake fa kika ce. Ba dafa shi ake ba ƙanwata, wanka kawai ake masa. Sakan 30 ya isa, 15 ta nan ki juya 15 ta can ki tsame. Minti 4 a ruwan soda ai dole ya sha ya yi ɗaci. Sodar ma ta yi yawa, ni lita 1 na ruwa cokali 3 babba nake sawa, kuma ki zuba ta kaɗan-kaɗan don tana tasowa da kumfa ta zube miki a kan wuta. Ruwan kar ya riƙa tafasa yana tsalle, in ya tafasa ki rage wutar ya koma yana ɗan motsi kawai.

Sai maganar yamutsewa, wannan ba laifin soda ba ne, tashi ne ya wuce. Kwaɓin da ya cika da iska in ya shiga ruwan zafi zai ƙara kumbura lokaci guda, kina tsamo shi ya sace, shi ne fatar take tattarewa. Ga zafin garin nan yanzu, abin da littafi zai ce awa 1 mu nan minti 35 ya gama. Yis ɗinki ma cokali 1 babba ya ɗan yi yawa wa kofi 4. Ga yadda nake nawa: fulawa giram 500, ruwa mil 290, yis giram 7 wato ƙaramin cokali 2 da ɗan ɗoriya, gishiri giram 10, sukari cokali 1, bota giram 40. Kwaɓin da ɗan tauri yake, ba irin na fanke ko burodin shayi mai danƙo a hannu ba, ki murza shi minti 10 cur har ya yi sumul. Ki raba 8. Bayan kin mulmula minti 15 kawai za ki ba shi.

Maman 'yan biyu:
Kai Hajiya na gode, ashe duk ta ko'ina na ɓata. To tukunyar fa, me ya baƙanta ta?

Malamar kimiyya:
Bari in shigo nan don wannan fannina ne. Tukunyar alminiyom ce ko? Soda da alminiyom ba sa shiri, tana cin jikinsa, shi ne baƙin da kika gani kuma wani ɓangare na wannan ɗanɗanon ƙarfen daga nan yake. Ki nemi tukunyar sitil mai ƙyalli ko mai fenti a ciki wadda ba ta ɓare ba. Tiren gashin ma in alminiyom ne kar burodin ya taɓa shi kai tsaye, ki shimfiɗa takardar gashi ki shafa mata mai sosai, don jiƙaƙƙen kwaɓin nan yana kama takarda kamar an sa gam.

Dalilin wankan kuwa, ruwan da ke da kaifi irin na kanwa yana sa furotin da sukarin da ke fatar kwaɓi su yi ja da wuri a wuta, shi ke kawo kalar da wannan ƙamshin da kika rasa a na farko, ƙwai sheƙi kawai zai ba ki. A ma'aunin pH, wato ma'aunin da lambarsa ke hawa in kaifin nan irin na kanwa ya ƙaru, bekin soda tana wajen 8 da ɗoriya, abin da Jamusawa ke amfani da shi kuma yana wajen 13 zuwa 14, shi ya sa na gida bai cika kai nasu duhu ba. Akwai dabara ta tsakiya, ki baza sodar a tire ki sa a oben mai zafin digiri 120 a ma'aunin Salsiyos na awa 1, ruwa da iska za su fita daga jikinta nauyinta ya ragu da kusan kashi 1 cikin 3, ta koma wata soda mai ƙarfi da ke kai wajen 11. Ni cokali 2 nake sawa a lita 1. Amma tana cin hannu, ki yi amfani da matsami, ki ajiye sauran a kwalba mai murfi nesa da yara.

Amarya sabon shiga:
Anti dan Allah ku yi haƙuri da tambayata, bakar hoda da bekin soda ba abu ɗaya ba ne? ni bakar hoda gare ni a gida

Malamar kimiyya:
A'a amarya, ba ɗaya ba ne. Bakar hoda soda ce da aka riga aka haɗa da abu mai tsami da ɗan sitaci, tana shiga ruwa sai su kashe juna, kumfa kawai za ki gani burodin ya fito fari. Ki je wajen masu kayan kek ki ce bekin soda, ba ta da tsada.

Inna ta Gashuwa:
Ni fa duk wannan dogon turancin da kuke ina jinku, ba kanwa kuke nufi ba? Mu da muka tashi muna ganin kunun gero yana canza kala da an ɗiga ruwan kanwa. Ku jiƙa ungurnu ku tace ku gwada mana, me za a je saye.

Hajiya mai gidan burodi:
Inna ba ki faɗi ƙarya ba, na taɓa gwadawa kuma ya yi ja fiye da na soda ma. Matsalar kanwa ba ta da ma'auni, wadda kika saya yau daban ta gobe daban, rana ɗaya ya yi min kyau, na sake da wata kanwar ya fito da ɗan bauri da warin ƙasa. Wanda zai gwada ya jiƙa tun dare, da safe ya tsiyaye ruwan saman a hankali ya bar yashin a ƙasa, ya tace da kyalle mai tsabta, sannan ya fara da guda 1 tak ya gasa ya ɗanɗana kafin ya tsoma sauran. Ni dai ga mai koyo soda nake ba da shawara, in hannu ya faɗa sai a yi wasa da kanwa.

Inna ta Gashuwa:
To ai shi ke nan, ku dai kuna raina kayan gida.

Maman sabulu:
Ni ina da sodar da nake haɗa sabulu da ita, na ji an ce ita ce ta asali da turawan ke sawa, in ba ki Maman 'yan biyu?

'Yar uwarku a Jamus:
Dan girman Allah kar ki ba ta! Gaskiya ne sinadarin ɗaya ne, nan ana ce wa ruwan Lauge, shi ya sa sunan burodin da take nema Laugenbrötchen, mai naɗin kuma Brezel, akwai dogo ma kamar sanda Laugenstange. Amma wadda masu burodi ke sawa tatacciya ce da aka yi don abinci, ta buhun masu sabulu ba wanda zai ce miki ga abin da ke cikinta. Kuma ko ta abincin giram 30 zuwa 40 ake sawa a lita 1 na ruwan sanyi, da safar hannu da tabarau, a zuba sodar cikin ruwa ba ruwa kan soda ba, a tsoma 'yan sakanni a cire, wutar oben ce ke kashe kaifinta. Ɗigo ɗaya a ido ba ƙaramin bala'i ba ne, ke kuma ga 'yan biyu suna zagaye kicin. Ni da nake nan ma ban taɓa kawo ta gidana ba, bekin soda nake yi.

Abin da zan ƙara miki wanda na koya a nan, bayan kin mulmula ki sa su a firij a buɗe ba rufi kamar minti 30 zuwa awa 1, saman zai ɗan bushe ya yi fata, su yi tauri, sai ki ga kina ɗaga su ba sa lotsewa kuma sheƙin ya fi fitowa. In an ɗauke wuta ki ajiye su inda iska ke kaɗawa, lokacin hunturu ma iskar kanta ta ishe ki. Tsagawar kuma bayan wankan ake yi ba kafin ba, da sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi sosai, ki yi kamar alamar tarawa ki ɗan nutsa, wajen nan ne zai buɗe ya fito fari a tsakiyar ja, shi ne kwalliyarsa. Nan kudancin ƙasar, Bayern da yankin Stuttgart, shi ne abin karin kumallo, su tsaga su lafta bota mai sanyi a ciki kawai. Af, wanda Allah ya kawo shi nan ya riƙa tambaya kafin ya saya, wasu masu gashin gargajiya da kitsen alade suke kwaɓawa maimakon bota.

Maman 'yan biyu:
Innalillahi, gara da kika faɗa. Maman sabulu na gode riƙe kayarki. To wuta fa, oben ɗina na gas ne ba lamba a jiki, ƙarami da babba kawai, kuma ƙasa yake fi ci.

Hajiya mai gidan burodi:
Wuta yake so sosai, digiri 200 zuwa 220, minti 15 zuwa 18. Ki kunna babba ki bar shi minti 15 ya yi zafi tukuna kafin ki sa, kar ki zuba a oben mai sanyi. Tunda naki ƙasa yake ci ki ɗora tiren a sama, ki sa wani tire wofi a ƙarƙashi ya tare wutar. Kuma kar ki tsorata da kalar, yawancin masu koyo suna ganin ya fara ja sai su cire, ki bari ya kai kalar dabino. Ki daure ki sayi ɗan ma'aunin zafi na oben da sikeli, kofi yana yaudara, kofinki 4 zai iya zama giram 480 yau gobe 600 in kin danna.

Amarya sabon shiga:
mu masu tukunya da yashi fa Hajiya, zai yi?

Hajiya mai gidan burodi:
Zai gasu amarya, amma saman ba zai yi ja sosai ba sai kin ɗora garwashi a kan murfin. Ki yi ƙanana, 12 maimakon 8.

Maman 'yan biyu:
Matan gidan nan na dawo da labari! Jiya bayan la'asar na yi, na bi ma'aunin Hajiya, na aro tukunyar sitil wajen maƙociyar da ta jefa ni a wahalar farko, na gasa sodar kamar yadda Malama ta ce, firij minti 40, wanka sakan 30 ina ƙirgawa da baki. Wallahi da na buɗe oben sai da na yi guɗa, ja sosai sun buɗe ta wajen tsagar, ba ɗaci ko kaɗan, guda 2 ne kawai suka ɗan yamutse, su ne na ƙarshe da suka daɗe suna jira a waje. Maigida da ya ce in bar ɓarnar fulawa shi ya ci 3. Sai dai wanda na ajiye a leda yau da safe na ga gishirin ya narke saman ya jiƙe ya yi tabo-tabo, me zan yi?

'Yar uwarku a Jamus:
Masha Allah, barka! Wannan halinsa ne, nan ma haka yake yi, gishiri yana jan danshi ga leda ta rufe shi. Burodin rana ɗaya ne. Wanda za ki ajiye kar ki sa masa gishiri, in ya huce ki sa a firiza, ranar ci ki ɗan shafa ruwa a sama ki barbaɗa gishirin ki mayar oben minti 5. Ko ki sa riɗi a madadin gishirin, shi ba ya narkewa kuma yara sun fi so.

Inna ta Gashuwa:
Riɗin ma ai namu ne. Saura ki gwada kanwar ki zo ki ba ni labari.

Maman 'yan biyu:
Inna na riga na jiƙa ungurnu tun ɗazu, guda 1 zan fara tsomawa ranar Asabar in sha Allah.