Musayar Waƙa a Kan Zace-zacen Masu Tafiya Hutu Wuraren Shaƙatawa

Malamin Makaranta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota waƙa. Maudu'in da na kawo shi ne hutun da iyalai ke tafiya manyan wuraren shaƙatawa masu lilo da wasanni, da irin zaton da suke tafiya da shi wanda ba ya dacewa da abin da suke tararwa. Na ɗauki amsa-amon "ba", kowa kuma ya zaɓi nasa.

Da sunan Allah nake buɗe wannan fage,
Wanda ilminsa bai bar komai a ɓoye ba.

Mutane da dama sukan daɗe suna tara kuɗin tafiya,
Su kwashi iyali su kama hanya, ba su yi tambaya ba.

Zato na farko da nake so mu warware a yau,
Shi ne a ce wurin shaƙatawar kamfanin Disney guda ne, kuma ba haka yake ba.

Disneyland tana Anaheim ta jihar Kalifoniya,
An buɗe ta a 1955, kuma ba a Fulorida take ba.

Ta Fulorida ita ce Walt Disney World, kusa da Orlando,
Wadda ta buɗe a 1971, mai sunan bai shaida ba,

Domin Walt Disney ya rasu tun a 1966,
Ya bar taswira da fili, bai ga ginin ya tashi ba.

Zato na biyu ya fi na farko jawo wahala,
Wai yini ɗaya ya wadatar, ba sai an ƙara ba.

Filin na Fulorida ya kai murabba'in kilomita 100,
Manyan dandali huɗu ne a cikinsa, ba guda ɗaya ba.

Magic Kingdom ce ta fari, Epcot ta biyo ta a 1982,
Na uku ya zo a 1989, aikin kuma bai tsaya ba,

Sai da Animal Kingdom ta cike na huɗu a 1998,
Kowanne da ƙofarsa, ba a haɗe suke ba.

Tsakaninsu akan hau bas ko jirgin ruwa ko na dogo,
Wanda ya ce zai gama su a yini ɗaya bai san girmansu ba.

Uwar Yara:

Wa alaikumus salam, Malam. Bayaninka ya yi, ni kuma ga abin da uwa take gani.

Ana kiran tafiyar hutu, sunan kuma yana ruɗin jama'a,
Su ɗauka za su je ne su kishingiɗa suna hutawa.

Gaskiyar lamarin ita ce tun da sassafe ake tashi,
A je a tsaya a bakin ƙofa kafin lokacin buɗewa.

Yinin gaba ɗaya a ƙafa ake yin sa,
Wani sashe a tafiya, wani a layi ana jira ana matsawa.

Lilon da ake rububi a kansa na minti biyu ko uku ne,
Layinsa kuwa a ranar cunkoso yakan kai awa har da wucewa.

Wanda ya zo da sabon takalmi domin ya yi kyau a hoto,
Kafin la'asar ƙafarsa ta yi bororo, ya kasa takawa.

Akwai kuma zaton da ya fi kowanne sa yara kuka,
Cewa duk lilon da yaro ya gani yana da damar hawa.

Ba shekaru ake tambaya a bakin layin ba,
Tsayi ake aunawa da sanda, kuma ba a sassautawa.

Na ga wata yarinya ta jingina da ma'aunin nan,
Ta yi ɗage a kan yatsun ƙafarta, tana ƙara miƙewa.

Ma'aikaciyar ta durƙusa, ta dubi kan yarinyar da sandar,
Ta ga saura faɗin yatsa, ta girgiza kai cikin tausayawa.

Mahaifin ya yi roƙo, ya nuna tikitin da ya biya,
Amma dokar ba ta jin roƙo, haka suka juya suna komawa.

Laifin ba na ma'aikaciya ba ne, ba kuma na yarinyar ba,
Na wanda ya yi mata alkawari ne tun a gida kafin dubawa.

Tsayin da kowane lilo ke buƙata yana rubuce a shafinsu na intanet,
A auna yaro, a gaya masa gaskiya tun kafin tasowa.

Injiniya:

Yaya, dokar tsayin nan da kika ambata,
Ba ƙeta ba ce, tushenta kiyaye lafiya.

Ƙarfen da ke sauka a kan cinya ko kafaɗar mai hawa,
An ƙera shi ne daidai jikin da ya kai girma, domin ya zame masa kariya.

Jikin da bai kai ba yana iya sulalewa ta ƙarƙashinsa,
A daidai lokacin da jirgin lilon ya kifa ko ya juya.

Bari in koma ga masu tsoron jirgin nan mai hawa da gangara,
Da ke cewa hawansa sayar da rai ne, in faɗa musu gaskiya.

Yawancin jiragen ba su da inji a jikinsu,
Sarƙa ce ke jan su zuwa ƙololuwa bayan ta kama ƙugiya.

Daga can nauyinsu ne ke gangaro da su har ƙarshe,
Shi ya sa tudun farko ya fi kowane tudu tsawo a hanya.

Ƙarar ƙas-ƙas ɗin da ake ji a lokacin hawa,
Wadda ke sa wasu su runtse ido su dafe zuciya,

Haƙoran ƙarfe ne da ke kamawa mataki bayan mataki,
Domin ko sarƙa ta tsinke su hana jirgin komawa da baya.

An kuma rarraba dogon gida-gida, kowane gida da birkinsa,
Kwamfuta ba ta barin jirgi biyu su shiga gida ɗaya.

Idan na'ura ta ji abin da bai yi mata daidai ba,
Sai ta tsayar da kowa a inda yake, ko da an kai tsakiya.

Jama'a sukan hangi jirgi a tsaye a sama su ce ya lalace,
Alhali tsarin tsaro ne ya yi aikinsa kafin a shiga wuya.

Akwai waɗanda harba su ake yi, irin Formula Rossa ta Abu Dhabi,
Mai gudun kilomita 240 a awa, sai da tabarau ake tafiya.

Ban ce haɗari ba ya aukuwa ba, domin yana aukuwa,
Amma kaɗan ne ƙwarai in an dubi miliyoyin masu hawa a duniya.

Abin da nake roƙo shi ne a girmama allon gargaɗi,
Musamman mai juna biyu da mai ciwon zuciya da wanda ya taso daga jinya.

Akanta:

Hajiya da Injiniya, kun yi maganar jiki da ta ƙarfe,
Ni kuwa aljihu zan taɓa, domin yana da muhimmanci.

Mutum yakan ga kuɗin tikiti ya ce ya gama lissafi,
Ya manta da otal da sufuri da ajiyar mota da abinci.

Tikitin ma ba farashi ɗaya gare shi kullum ba,
Tun 2016 Disney ke sauya shi gwargwadon rana da lokaci.

Lokacin da makarantu ke hutu kuɗin yana hawa,
In baƙi sun ragu ya sauko, wannan shi ne tsarin kasuwanci.

A wurarenta na Amurka, yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga,
Ɗan shekara 10 kuwa kuɗin babba zai biya, haka aka yanke hukunci.

Wasu har yanzu suna riƙe da labarin FastPass na 1999,
Takardar rage jiran layi da ake bayarwa kyauta cikin karamci.

An soke wannan tsari a Amurka tun 2021,
Yanzu layin sauri da kuɗi ake shigarsa, wanda bai sani ba zai sha takaici.

Akwai kuma kuskuren da ke sa asara ba gaira ba dalili,
Zaton cewa shiga da guzuri a ko'ina laifi ne ko ganganci.

Walt Disney World ta yarda a shiga da abin ci da na sha,
In ban da kwalbar gilashi da barasa, domin kiyaye aminci.

Wasu wuraren sun hana, saboda haka a karanta dokar kowanne,
Domin ɗora dokar wani a kan wani shi ne ainihin sakaci.

Shawarata kuma, tunda an zuba dukiya mai yawa,
A shiga da buɗe ƙofa, a fita da rufewa, a jinkirta barci.

A hau duk abin da ake iya hawa, a tsaya wasan wuta na dare,
Kowa ya ci zomo ya ci gudu, a nan babu wurin lalaci.

Dattijo:

'Ya'yana, ku ba tsoho dama ya sa baki,
Domin akwai zato biyu da suka daɗe suna damuna.

Na farko shi ne a ce wurin na yara ne kaɗai,
Babba ba shi da aiki sai riƙon jaka da tsayuwa a rana.

Epcot tana da rumfunan ƙasashe 11 kewaye da tafki,
Ta Maroko ma Sarki Hassan na biyu ne ya aiko mata da magina.

A Animal Kingdom akwai giwaye da raƙuman dawa na gaske,
Ana zagaya su a buɗaɗɗiyar mota, direba yana nunawa yana magana.

Na biyu shi ne a ce Amurka ce ta fara wannan sana'a,
Alhali Bakken ta Denmak tun 1583 take da suna.

Tivoli, ita ma a Denmak, ta buɗe a 1843,
Walt Disney da kansa ya ziyarce ta, ya ga fitilu da lambuna.

Holan tana da Efteling tun 1952, shekara uku kafin Disneyland,
Jamus kuma tana da Europa-Park, wadda iyalan Mack suka gina.

Tokyo Disneyland ta 1983 ma mallakar kamfanin Japan ce,
Oriental Land ke gudanar da ita, tana biyan Disney ladan tsari da suna.

Wanda ke neman irin wannan hutu yana da zaɓi mai faɗi,
Ya dubi wanda ya fi masa kusa da sauƙi, wannan ita ce shawarar da na auna.

Ɗaliba:

Baba, na gode da tarihin nan. Ni yanayin sama zan ƙara, domin hotunan talla kullum sararin sama garau suke nunawa.

Ana zaton Fulorida rana ce kawai ba ruwa,
Alhali hadari yana yawan haɗuwa da yamma tun daga watan Yuni.

Har zuwa Satumba ana yin tsawa da walƙiya bayan azahar,
Ga zafi da gumi kafin nan, masu matuƙar tsanani.

Da zarar na'ura ta nuna walƙiya ta kusato,
Sai a rufe lilon da ke fili, wannan shi ne umarni.

Wasannin da ke ƙarƙashin rufi sukan ci gaba da aiki,
Shi ya sa jama'a ke tururuwa zuwa cikin gini.

Lokacin guguwar teku kuma daga Yuni ne zuwa Nuwamba,
Mai sayen tikitin jirgi ya kamata ya kasance da wannan sani.

Uwar Yara:

Akanta, ƙanena, lissafinka na kuɗi daidai ne, amma shawararka ta ƙarshe ban yarda da ita ba, kuma a ganina ita ce babban kuskuren da ya fi duk waɗanda muka lissafa.

Ka ce a shiga da buɗe ƙofa a fita da rufewa,
Domin kuɗin da aka kashe ya fito, kada a yi asarar biyawa.

Yaro ɗan shekara biyar ba ya lissafin tikiti,
Abin da ya sani shi ne yunwa da zafi da ƙafar da ta gaji da takawa.

Ka duba bencinan wurin da misalin ƙarfe uku na rana,
Za ka ga yara suna kuka, iyaye suna faɗa, fuska ba sakewa.

Uwa tana jan hannun ɗanta zuwa layi na gaba,
Shi kuwa idonsa yana kan agwagin tafki, su yake son tsayawa dubawa.

An kawo shi ne domin ya yi farin ciki,
Sai ga shi an mai da shi ɗan aikin da ake korawa.

Ni dai na fi son a zaɓi abu uku ko huɗu da yaran ke muradi,
A yi su da safe da sauran sanyi, saura kuma in ya samu a yi ƙarawa.

In rana ta take a koma masauki, a ci abinci a yi barci,
Da yamma a dawo da ƙarfi, kowa yana iya murmusawa.

Akanta:

Hajiya, hujjarki ta yara ta shige ni, sai dai ina da tambaya,
Domin ba na son shawarar da za ta jefa magidanci cikin ƙunci.

Idan an fita da rana, tikitin bai mutu ba ke nan?
In sai an sake biya da yamma, ai asarar ta fi gajiya ɗaci.

Ɗaliba:

Yaya Akanta, a wuraren Disney tikitin yini na yinin ne gaba ɗaya,
Ana fita a sake shiga dandalin, matuƙar dai a cikin wannan yini.

Sa'o'in da Hajiya ta ce a huta su ne na tsananin zafi da hadari,
Lokacin da layi ya fi tsawo, tsayuwa a cikinsa ta fi ƙarancin amfani.

In kuma akwai jariri, ana barin iyaye su yi karɓa-karɓa,
Ɗaya ya hau, ɗaya ya riƙe shi, bayan sun nemi izini,

Sannan na biyun ya shiga ba tare da sake dogon layi ba,
A tambayi ma'aikacin bakin ƙofar lilon, zai yi cikakken bayani.